Rawanin da Baba Ya Yi Goyo da Shi

Daga Allah muke, gare shi Baba ya koma ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na Kebbe, ana tsakiyar yankan gero. Kafin in iso daga Tambuwal har an kai shi makwancinsa. Abin da na tarar takalma ne zube a ƙofar gida, da mutane cike da zaure da tsakar gida, kowa bakinsa ɗauke da yabo.

"Bawan Allah mai haƙuri," in ji wata tsohuwa tana riƙe da hannuna. "Tun da nike, ban taɓa jin shi da kowa ba."

Na dube ta, na gane ta. Ita ce maƙwabciyar da take leƙowa ta kan danga tana ƙyalƙyala dariya in Baba ya durƙusa gaban murhu, har ta kira wasu matan su zo su taya ta kallo.

Goggo, yayar Baba da ke aure a Jabo, ta fi kowa kuka. Tana shigowa ta zube, aka ɗaga ta, ta ce a kai ta ɗakin ɗan'uwanta. Sai ta nufi ɗakin da muke ajiye buhunan dawa. Shekara goma ke nan da Baba ya tashi daga wannan ɗakin, ba ta sani ba.

Daga zaure kuma ana jiyo muryar limamin unguwa yana jan addu'a. Yana cewa marigayi ya riƙe amanar 'ya'yansa riƙon da ba a taɓa gani ba a garin nan, ya kamata kowa ya yi koyi da shi. Jama'a suka ce amin. Ni ban ce ba. Limancin da yake taƙama da shi yau shekara talatin da wani abu, daga hannun Baba aka fizge aka ba shi, kuma a kan wannan riƙon 'ya'yan da yake yabo ne aka fizge.

Na san addini ya hana a faɗi sharrin mamaci. Amma ban ji inda aka ce a yi masa ƙarya ba. Baba ba mai haƙuri ba ne. Mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe, ya yi faɗa da rabin mutanen da suka zo zaman makokinsa, kuma ni 'yarsa ta fari ina alfahari da kowane ɗaya daga cikin faɗan nan, ban da guda ɗaya da zan faɗa nan gaba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, tun kafin masu yabo su gama goge shi su bar mana wani tsoho mai sanyi da ba mu taɓa sani ba.

Ina da shekara tara Inna ta rasu. Ƙanena yana da shida, auta kuma wata goma sha huɗu, ko yaye ba a yi mata ba. A wajenmu in uwa ta mutu ta bar ƙanana, akan jira sadakar arba'in, dangi su zauna su raba yaran, kowa ya ɗauki wanda zai riƙa. Ba a ɗaukar haka mugunta, taimako ne, haka aka gada. Ranar arba'in ɗin Inna, bayan an raba gumba baƙi sun watse, Goggo ta zauna a tabarma tare da Baffa, ƙanen Baba da ke Fakku, suka yanke. Ni zan bi Goggo Jabo in taya ta aiki. Ƙanena zai bi Baffa ya koyi kiwo. Auta za a kai ta Sanyinna wajen dangin Inna. Har an ɗaure mana kaya ƙulli uku. Ina tsaye bayan rumbu ina jin komai.

Baba ya fito daga ɗaki ya dubi ƙullin nan, ya tambayi na wa ne. Goggo ta gaya masa.

"A kwance su," in ji shi. "Ɗiyan ga ba a raba su."

"Kai ka iya renon jinjira?" Goggo ta ce. "Namiji? Liman guda? Mu da anka raba tun muna ƙanana, mutuwa munka yi?"

"Ba mu mutu ba," Baba ya ce. "Amma dube mu. Uwa ɗaya, uba ɗaya, in kin zaka gidan ga sai an shimfiɗa maki tabarmar baƙi. Wanga da ke zaune kusa gare ki, sai da yay yi gemu sannan nis san muryatai. Abin da kika so ga ɗiyana ke nan?"

Sai ranar na san dalilin da ya sa Goggo take Jabo, Baffa yake Fakku, Baba yake Kebbe. Su ma uwarsu ta rasu suna ƙanana, su ma ƙulli uku aka ɗaure musu. Goggo ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta ce za a gani. Ba ta kwana ba.

An kuwa gani. Tuwon farko da Baba ya tuƙa, gudajin da ke ciki sun fi tuwon yawa. Miyar kuka kuwa yau ta yi ruwa tsululu, gobe ta yi kauri har ludayi ya tsaya a ciki. Har ya koma ga Allah bai iya tuwo ba, kuma har ya koma bai yarda bai iya ba. In muka ɓata fuska sai ya ce, "Kun yi bisimilla? To shaiɗan bai ci, ku kuka ci."

Akushi ɗaya ne a gidan, kuma doka ce ba mai wanke hannu sai mu ukun mun zauna. Wata rana ƙanena ya bi abokansa fadama kamun fara, bai dawo ba sai bayan la'asar. Tun azahar abinci yake rufe da faifai, ni da auta muna kallonsa, cikinmu na ƙugi. Da ya dawo na zaci duka zai sha. Baba bai taɓa shi ba. Ya buɗe akushi ya ce, "Zauna. 'Yan'uwanka ba su ci komi ba, kai suka jira." Ƙanena yana cin tuwon sanyi yana hawaye. Bai ƙara yi ba.

Da asuba ba ya kiran suna. Yatsunsa yake tsomawa a buta ya yarfa maka a fuska, in ka buɗe ido ka gan shi tsaye yana salati. Buta ɗaya ce alwalar mu biyu, ni da ƙanena, wanda ya fara ya san akwai mai jira a bayansa. Karatun allo kuma a bakin turmi muke yi, domin ba shi da wani lokaci sai wannan. Yana surfe muna biya. Muddin taɓarya na sauka, karatu daidai yake. In ta tsaya a sama, wani ya yi ɓata, kuma ba za ta sauko ba sai ka nemo gyaran da kanka. Har yau in na ji daka ta tsaya a maƙwabta, sai in shiga neman inda na yi ɓata.

Kitso ne ya fi ba shi wuya. Na farko da ya yi mini, layukan sun karkace kowanne da inda ya nufa, 'yan makaranta suka yi ta nuna ni. Na dawo ina kuka na ce ba zan ƙara fita ba. Bayan kwana biyu na je garke kai masa ruwa, na same shi tsugune bayan farar saniyarmu, ya raba gashin wutsiyarta uku yana kitsawa yana warwarewa. Ya ɗago ya harare ni ya ce in na gaya wa wani sai ya yanke mini kunne. Ban gaya wa kowa ba sai yau.

Auta kuwa ba ta yarda da kowa ba sai shi. Kunu da madarar saniya ya raine ta da su, kuma in ya ajiye ta sai ta yi ta tsala kuka har ta shiɗe. Zanin Inna da ya gwada goya ta da shi ya ƙi zama a ƙirjinsa, kullum sai ya kwance. Rannan ya cire rawaninsa, farin rawanin da aka naɗa masa ranar da aka ba shi limancin unguwa, ya zagaya shi sau biyu ya ɗaure tam. Daga ranar rawani ya sauka daga ka ya koma baya. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa kasuwa, yara na binsa suna kiran Liman mai goyo. Ba yaran ne suka ƙirƙiro sunan ba, a bakin iyayensu suka ji.

Masallaci ma da ita yake zuwa in na tafi makaranta. Yakan kwantar da ita a gefen buzunsa, in ta yi kuka ya ɗauke ta ya ci gaba da salla. Sai ƙorafi ya tashi. Wai ba su natsu da sallarsu ba, wa ya san ko akwai fitsari a rigar liman. Wai mutumin da ke wankin kashin jinjira bai dace ya tsaya gaban manya ba. Na'ibinsa na lokacin, wannan mai jan addu'ar, shi ya jagoranci dattawa suka zo zaurenmu. Ina ciki ina jin su.

Baba ya nuna musu riguna biyu da ke rataye, ya ce ɗaya ta gida ce ɗaya ta salla, kuma ya fi su sanin babin tsarki, don shi ya karantar da rabinsu. Ya tuna musu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ja salla ɗauke da jikarsa. Suka ce wannan daban. Suka ce ya zaɓa, ko ya miƙa yaran ga dangi kamar yadda kowa ke yi, ko ya bar musu gaban sahu.

"Masallacin ga shina da ku talatin," Baba ya ce. "Ɗiyan ga ni ɗai ag gare su. Ku tashi ku ba ni wuri, tukunyata na bisa wuta."

Ya ƙara musu da wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Daga ranar ya koma sahun baya, kusa da ƙofa, inda in auta ta yi kuka zai fita da ita. Bai taɓa fashin jam'i ba, bai kuma taɓa komawa sahun gaba ba, ko da ya tsufa suna matsa masa wuri. Bai sake aure ba sai da auta ta shiga makaranta. Matar da ya aura, Allah ya jiƙanta, ta same mu mun riga mun zama mutane.

Yanzu ga faɗan da ba na alfahari da shi, domin ni aka zalunta a ciki. Damina ta farko bayan rasuwar Inna, aiki ya fi ƙarfin Baba. Ga noma, ga shanu, ga jinjira. Sai ya cire ni daga makarantar boko ina aji huɗu. Shekara biyu ina ɗiban ruwa, ina wanki, ina reno, ina kallon sa'o'ina suna wucewa da jakunkunansu. Da ya mayar da ni, cikin ƙannen bayana aka zaunar da ni, na fi kowa tsawo a aji. Na ƙarasa, har na zama malama, amma abin bai bar raina ba. Sai da na kai shekara arba'in na iya gaya masa. Na ce kowa yana cewa shi ya raine mu shi kaɗai, alhali da bayana aka yi rabin renon.

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Na san da shi. Aikin hannu fuɗu na, ni ko biyu gare ni. Nid ɗauki naki ban tambaye ki ba. Ki yafe min."

Na ce zan yi shawara. Ya yi dariya har da tari, ya ce lalle ni jininsa ce. Sai da na ƙara zuwa sau biyu sannan na ce masa na yafe, kuma da gaske nake.

Wata bakwai kafin rasuwar Baba, matar ƙanena ta kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Ta bar uku. Babbar shekararta tara, mai bi mata namiji biyar, ƙaramar shekara ɗaya da rabi. A gidan Baba suke zaune. Ranar arba'in ɗinta sai ga Goggo ta zo da maganar raba yaran, an ɗauko ta a mashin, ta tsufa tana dogara sanda amma maganar tana nan yadda take. Baba yana kwance a buzunsa a zaure, numfashi ma da ƙyar. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Ku jira in mutu."

Suka kuwa jira. Kwana uku kacal suka ƙara a kan rasuwarsa.

Ranar sadakar uku, bayan azahar, baƙi sun ragu, sai na ga an shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, daidai inda aka shimfiɗa ta ina da shekara tara. Goggo da Baffa suka zauna, aka kira ƙanena. Aka kira liman ma ya sa albarka, ya shigo da yabon Baba bai gama bushewa a bakinsa ba. A ƙofar gida mashin uku suna jira. A bakin ɗakin yaran kuma jaka uku, wani ya riga ya haɗa. Babbar za ta Jabo, namijin Fakku, ƙaramar Sanyinna wajen kakarta. Ko garuruwan ba su canza ba.

Ƙanena mutum ne mai sanyi, bai ɗauko Baba ba ko kaɗan. Wata bakwai bai yi barcin kirki ba, ga gero a gona ba a gama yanka ba, yanzu ga uba ya tafi. Ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma. Baffa yana ce masa wannan sauƙi ne a gare shi, ya samu ya yi aure hankali kwance, yara ai duk inda suke na dangi ne. Liman yana gyaɗa kai. Ban ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Na ga riƙon da ya yi kyau, na kuma san Goggo ba za ta bar yarinya da yunwa ba. Amma na hango babbar yarinyar tsaye bayan rumbu, ta riƙe hannun ƙanenta, daidai inda ni ma na taɓa tsayawa.

Na ce, "Goggo, jiya kun ce ba a taɓa uba irin Baba ba. Wane abu ne ya yi da kuke yabo, in ba wannan da kuka zo rushewa ba?"

"Ke ki yi kurum," Baffa ya ce. "Ke da kike gidan wani, mi ar ruwanki?"

Na dubi liman na ce, "Malam, kai ka ce a yi koyi da shi. Ina ji daga nan."

Ya ce wancan zamani daban, kuma marigayi mutum ne na daban. Ya shiga laluben carbinsa.

Ban ƙara magana ba, don in na ƙara zan faɗi abin da Baba ya faɗa musu a zaure. Na shiga ɗakinsa na buɗe adakarsa. Rawanin yana can ƙasa, ya koma ruwan ƙasa, gefensa ya zare, tsakiyarsa ta yi laushi saboda wanki. Na fito da shi na jefa a cinyar ƙanena, a gaban kowa.

Na ce, "Ga rabonka na gado. In ba ka so, ka miƙa wa Baffa ya ɗaure jakunkunan da shi."

Ƙaramar tana hannun auta, wadda aka goya da wannan rawanin, yanzu uwar 'ya'ya huɗu ce. Yarinyar ta fara kuka tana miƙa hannu wajen ubanta. Sai ƙanena ya miƙe, ya cire babbar rigarsa ya ajiye, ya duƙa.

"Aza min ita," in ji shi.

Auta ta ɗora masa ita tana kuka ita ma. Bai iya ɗauri ba, ni na zagaya rawanin sau biyu na ɗaure masa a ƙirji yadda na ga ana yi. Ina ɗaurewa na ce masa a kunne, babbar ba za ta yi fashin makaranta ko na kwana ɗaya ba, in kuwa ta yi, ni da shi ne. Na ce duk Juma'a zan zo daga Tambuwal in yi wanki da kitso, auta ta ɗauki ranar kasuwa. Ya ce ya ji.

"Haukan gidan ga bai mutu ba," Goggo ta ce.

Na ce, "Bai mutu ba, Goggo."

Aka kira la'asar. Ƙanena ya ɗauki buta, ya ratsa zaure ta tsakiyar masu zaman makoki da 'yarsa a baya, namijin na biye da shi. Wani ya fara dariya, ya duba bai ga mai taya shi ba, ya haɗiye. Liman ya tashi ya bi bayansu, domin shi zai ja sallar. Mashinan nan suka koma yadda suka zo. Goggo ce kawai ba ta tafi ba, ta ce ƙafarta na ciwo. Ta kwana uku a gidan, abin da ba ta taɓa yi ba Baba yana raye. A rana ta biyu na same ta zaune ita kaɗai a ɗakinsa, na ainihin, tana shafa buzunsa. Ban shiga ba.

Ban san iya inda ƙanena zai kai ba. Ba Baba ba ne, kuma sadakar arba'in ɗin Baba na tafe, na san tabarmar nan za ta ƙara fitowa. Zan zo in zauna a kanta tun kafin su iso.

Juma'ar da ta wuce na sami ƙanena gaban murhu, idanunsa sun yi ja da hayaƙi. Ya sauke tukunya ya kwashe a tsohon akushin nan, yaran uku suka kewaye shi, babbar ta hana kowa wanke hannu sai da aka zaunar da ƙaramar. Na sa hannu na ɗanɗana. Gudaji ne tun daga sama har ƙasa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka zafin ranka da kaifin harshenka, ya haɗa ka da Inna a inda ba a rabuwa. Masu yabo sun faɗi nasu sun tafi. Ni abin da na shaida shi ne tuwonka ba daɗi, kuma mu uku muka ci shi.